Ragowar Kwanon Baba

Tun da mahaifiyarmu ta rasu, ni da Baba kwano ɗaya muke ci. Yayata tana aure a bayan layinmu, nan cikin Zangon Kumasi, ita ce take girka mana ta kawo kafin magariba, da safe ta biyo ta ɗauki kwanon. Da an idar da salla Baba zai shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinmu, a tsakar gidan hayar da muke ciki, ya wanke hannu ya zauna yana jirana. Ko na makara a hanya ba ya buɗe murfin. Na sha dawowa in tarar tuwo ya sandare, shi kuma yana zaune yana jan carbi kamar ba ya jin yunwa.

Cin kwano ɗaya da babba yana da dokokinsa, duk da ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini su. Ƙaramin ne yake riƙe bakin kwano da hannun hagu don kada ya yi ta rawa. Ba ya kai hannu kan nama. Ba ya tsame hannu kafin babba. In babba ya ƙoshi sai ya tura kwanon gaba, duk abin da ya rage na ƙaramin ne, kuma sai ya cinye ya suɗe tas, don ragowar uba albarka ce, ba a mayar da ita madafa. Da haka na tashi, ban taɓa ganin abin tambaya a ciki ba.

Matsalar ita ce Baba bai iya rage kaɗan ba. Dillalin shanu ne, kuma dillalin da mahauta ke ganin girmansa ba ya dawowa gida hannu rabbana. Yau hanta, gobe naman ƙirji, ranar da aka yi ciniki mai kyau kuwa tozo ne, kitse yana ƙyalli. Zai ɗauki yanka ɗaya ya tauna a hankali, sauran ya bi su da ɗan yatsa yana gangaro da su gefena kamar ba da gangan ba, sannan ya tsame hannu tun tuwon bai kai rabi ba. Daga arewa ya biyo shanu a ƙafa yana saurayi, a wata shekarar fari da ba ya son a tuna masa. Sau ɗaya na ji ya ce ya ga mata suna tona gidan tururuwa don su sami hatsi. Mutumin da ya ga wannan, babu abin da ke kwantar masa da hankali irin ya ga ɗansa yana ci har gumi ya keto masa.

Ni kuwa dambe nake yi, irin na zamani mai safar hannu. Da rana ina walda a Suame, unguwar makanikai, da la'asar in wuce wani fili a bayan wata makaranta inda muke atisaye, da buhun yashi rataye a reshen mangwaro da ƙarafunan ɗagawa da muka haɗa da kanmu daga tsoffin kayan mota. Kocinmu Batone ne, ɗan ƙasar Asante, tsohon soja, gajere mai faɗin ƙirji, ya iya Hausar Zango daidai gwargwado. Kramo yake kirana, yadda Tonawa ke kiran Musulmi, ko da yake rabin yaran wurin Musulmi ne. Ni kaɗai sunan ya bi.

Shekarar da aka ce za a zaɓi waɗanda za su wakilci yankinmu a gasa, koci ya kawo sikeli ya ce kowa ya tuɓe riga ya hau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na hau, allurar ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ta ci gaba da tafiya kamar an aike ta. A dambe kowa da ajin nauyinsa. In na wuce nawa sai ajin sama, can kuwa akwai wani ƙato a cikinmu da ya riga ya kama wurin, wanda ko a mafarki ba na fatan haɗuwa da shi. Ma'ana, in ban sauko ba kafin ranar awo, ba ni cikin tafiyar.

Koci ya dubi allurar, ya dubi cikina.

"Kramo, wo ho yɛ duru. Ka yi nauyi. Me ka ci jiya da dare?"

Na ce tuwon zafi da miyar ayoyo, da nama.

"Tuwo nawa? Nama nawa?"

A rayuwata ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba. Daga ƙarshe na ce, "Abin da Baba ya rage."

Ya yi dariya har ya dafa mangwaron. "Ashe babanka ne koci, ni ɗan kallo ne." Yara suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Da ya gama dariyar ya ja ni gefe ya kama hannuna ya dunƙule shi. Ya ce tuwo ko shinkafa ko doya kada su wuce girman wannan. Ya buɗe tafin, ya ce nama marar kitse ko kifi, faɗin wannan. Ganye in ci yadda nake so, mai kuwa a ɗiga shi kamar magani. Ƙosai da duk wani soyayye in yi musu sallama, bayan atisaye in ci dafaffen ƙwai, in riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama ni. Ya ce ba yunwa yake so in zauna da ita ba, mai yunwa ba ya naushi. So yake in san abin da ke shiga cikina. "Kuma ba ka iya sani a kwano ɗaya," in ji shi. "Nemi faranti naka."

Ban nemi faranti ba. Dabara na fara nema, irin ta wanda yake son ya ci biyu. Na shiga cin abinci a hankali, ina ƙananan loma, da nufin Baba ya ci da yawa kafin ya tsame hannu. Shi kuma ya ɗauka kunya ce ko rashin lafiya, sai ya ƙara tsamewa da wuri ya bar mini fiye da na da. Na gwada barin ragowar in rufe kwanon in ya shiga ɗaki, washegari yayata ta buɗe ta tsaya a tsakar gida tana tambayar wanda ya raina girkinta, duk gidan yana ji. Na koma gudun asuba, in zaga har Manhyia in dawo riga jage-jage. Sikeli ya yi kunnen uwar shegu da ni. Koci ya ce mutum ba ya tsere wa cikinsa da gudu, tare suke tafiya.

Ranar da na gaya wa Baba, bayan mun gama ci ne, na suɗe kwano na wanke hannu, don ban iya faɗa da yunwa ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo maganar aji da sikeli da gasa. Ya saurare ni har na ƙare.

"Likita ne ya ce?"

"A'a, Baba. Koci ne."

"Wani abu ke damunka a jiki?"

"Lafiyata lau."

"Girkin yayarka ne bai yi maka ba?"

"Ba haka ba ne, Baba. Aunawa zan riƙa yi."

Ya dubi tabarma. A idonsa na san abin da yake gani: gida da abinci a ciki, da lafiyayyen yaro yana gudun abincin. A wurinsa wannan kusa yake da butulci ga Allah. Amma bai faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To." Duk wanda ya tashi a gaban dattijo ya san akwai "to" ta yarda, akwai kuma wadda gara a zage ka da a ce maka ita. Na san wacce aka ba ni, na yi kamar ban gane ba.

Na sayi farantin roba a kasuwar Asawase. Yayata ta riƙa yi mini nawa daban tana mita, dafaffiyar doya da ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, da ɗan kifi, ko shinkafa da wake ba mai ba taliya, tana kiransa abincin asibiti. A ɗaki nake ci, bayan labule, don zama kusa da Baba da farantina ni kaɗai ya fi mini kama da cin fuska.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi aiki, kuma na ji daɗinsa. Allurar sikeli ta fara ja da baya. Ƙafafuna suka yi sauƙi, numfashina ya daina yankewa a zagaye na ƙarshe, na daina jin barcin nan mai nauyi da ke kama ni a kan aiki. Har tsokar cikina ta fito layi-layi, ina wucewa gaban gilashin motocin Suame ina satar kallon kaina. Koci ya fara nuna ni ga sauran yara a matsayin misali. Na ɗauki girman kai na ɗora a ka, har ina yi wa abokan aikina wa'azin kitse alhali suna cin waken da suka saya da guminsu.

Abin da ke ɓata mini wannan daɗin shi ne ƙarar murfin kwano. Daga bayan labule ina jin Baba ya buɗe, ya yi bisimilla, kafin in kai rabin ɗan abincina sai in ji an mayar da murfin. Kullum ina ji, kullum kuma in gaya wa kaina cewa dama shi ba mai ci da yawa ba ne. Na manta, ko na ga dama na manta, cewa mutumin nan bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. A daji tare da makiyaya ya ci, a kasuwa tare da dillalai, a gida tare da ni. Shi ne mai yawan cewa kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Ya nemi abokin ci. Duk wanda ya gitta ta tsakar gida sai ya ce masa bisimilla, su kuma su ce na gode Alhaji, su wuce, don kowa ya ɗauka gaisuwa ce. Wani tela da ke haya a ɗakin ƙarshe ya zauna da shi na 'yan kwanaki, har matarsa ta fara fushi, wai ana nuna ba ta iya ciyar da mijinta. Telan ya janye. Baba bai ce mini komai ba a kan wannan, a bakin matan gidan na ji.

Wata Juma'a, muna fitowa daga masallaci, wani dattijo abokin Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Babanka lafiya kuwa? Na ga wuyan riga ya yi masa yawa." Na ce lafiya lau, zafin kasuwa ne. Da na dawo gida na dube shi da kyau, abin da na daɗe ban yi ba. Ƙasusuwan wuyansa sun fito, hularsa ta sauko har kan kunne. Kunya ta kama ni, irin wadda ke sa mutum ya ji haushin kowa. Da magariba na fito na zauna a gefen tabarmar, ba tare da na wanke hannu ba, wai in taya shi hira ya ci. Ya yi loma ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Tashi. Ni ba majinyaci ba ne da za a tsare ni in ci."

Yayata ba ta da irin haƙurinsa. Rannan da hantsi ina tsugune ina walda a ƙarƙashin wata mota sai na ga ƙafafunta. Tun daga Zango ta shigo mota ta zo Suame da kwanon a ɗaure cikin ɗankwali. Ta ajiye shi a kan bonet, ta buɗe a gaban maigidana da abokan aikina. Tuwon jiya ne, yana nan yadda ta kwashe shi, sai ɗan gurbin yatsu a gefe ɗaya.

"Chale, duba," in ji ta, da irin kiran da samarin Kumasi ke yi wa juna. "Kai kana rage nauyi, shi yana ramewa. Wa ke da damben a cikinku, kai ko shi?"

Maimakon in yi shiru sai na hau ta da faɗa. Na ce Baba ba yaro ba ne, ba wanda ya riƙe masa hannu. Na ce wannan ce damata ta farko kuma wataƙila ta ƙarshe, su kuma ba abin da suka sani sai tuwo. Ta bar ni na gama, ta rufe kwanon ta ɗaure.

"Ni dai uba ɗaya ya rage mini," ta ce, ta juya ta tafi.

Ranar ban yi aikin kirki ba. Na san ihun da na yi mata na rashin gaskiya ne. Da la'asar na kai kukana wurin koci, ina fatan ya ce in sassauta ko ya ce in daure, ko wanne dai, in sami wanda zan ɗora wa. Ya saurare ni yana naɗe bandejin hannu. Ya ce, "Kramo, ni sikeli na sani. Sikeli ba shi da baba." Ya ce saura 'yan kwanaki awo, kuma a bakin layi nake, cin dare ɗaya mai nauyi zai iya tsallakar da ni. Sauran kuma ni zan yanke.

Na dawo gida na tarar ƙanshin tozo ya cika tsakar gida. An yi ciniki mai kyau ke nan. Baba yana zaune a kan tabarma da kwanon a gabansa, bai buɗe ba, hannunsa a wanke yana ɗiga. Ba jirana yake ba, ya daina wannan, amma hannun nasa bai saba da zuwa shi kaɗai ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa, na ji gasar ta fita daga raina. Na ajiye jaka, na ɗauki buta na wanke hannu, na zauna a gabansa na kama bakin kwanon da hagu. Na riga na yanke zan ci duk abin da ya bar mini, kitse da komai, sikeli ya yi abin da zai yi.

Ya dube ni, bai yi murmushi ba. Ya buɗe murfin.

"An fasa damben?"

"Ba a fasa ba."

"An yi awon?"

"Da saura."

Can ya ce, "Mutumin naku, kocin nan, nawa ya ce ka ci?"

Na ce a bar maganar, Baba. Ya ce tambayata ya yi. Sai na dunƙule hannu na nuna masa, ina jin kaina kamar wawa, na ce tuwo kamar haka. Na buɗe tafin na ce nama kamar haka, marar kitse. Ya kama hannun nawa ya juya shi, ya dube shi yadda yake duban dabba kafin ya yi mata kuɗi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya sa gefen hannunsa ya yanki tuwon, ya turo mini yanki daidai dunƙulen. Ya bi naman yana zaɓar jan tsoka yana ajiyewa a gefena, tozon kuma ya janye shi gabansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da na yi wayo.

"Ci naka," ya ce. "In ka gama ka tsame."

"Baba, ni zan riga ka?"

"Kai ke da awo."

Muka ci. Shi yana ci sosai, loma bayan loma, har da miya a gemu, ni kuma ina ɗan tsakurar nawa. Nawa ya ƙare da wuri, don dama ba shi da yawa. Na zauna da hannu a cikin kwanon da babu komai a gefena, na kasa cirewa. Ya ɗaga kai ya dube ni, sai na tsame. Ya miƙo hannun hagu ya karɓi bakin kwanon daga hannuna, ya jawo shi gabansa ya riƙe, yadda nake riƙe masa tun ina ɗan yaro. Telan ɗakin ƙarshe ya fito da buta zai yi alwala, ya ga dattijo da furfura yana riƙe da kwano yana cin ragowar ɗansa, ya kawar da kai ya koma ciki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

"Tashi mana," in ji Baba. "Ba na iya ci kana kallona."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Wannan karon murfin bai dawo da wuri ba. Na daɗe ina jinsa yana ci, har na ji yatsansa yana bin cikin kwanon yana suɗewa. Abin da nake so ke nan, ya ci ya ƙoshi, amma ban taɓa jin na zalunci mutum irin na ranar ba.

Na ci awo, na je gasar, aka fitar da ni tun a karawa ta biyu. Na dawo da kumburarren ido, ba kofi ba komai. Baba bai tambaye ni yadda aka yi ba, ya dai sa aka dafa mini ruwan zafi in gasa fuskar. Na ci gaba da dambe na wasu shekaru, ban zama kowa ba a cikinsa, kuma duk tsawon lokacin haka muke ci: ya yanka mini nawa, in riga shi tsamewa, ya riƙe kwano ya ƙarasa. Jikinsa ya dawo, wuyan rigar ya cika. Mutanen gida suka saba gani har suka daina kawar da kai. Ni ne ban saba ba.

Da na ajiye safar hannu na ce masa yanzu babu sikeli a kaina, mu koma yadda muke, ya ci ya rage mini. Ya ƙi. Na roƙe shi, na ce abin yana damuna, ba tsarin duniya ba ne uba ya ci ragowar ɗansa. Ya ci gaba da yankar tuwon yana turo mini nawa, bai ko ɗago ba.

"Cin ragowa ba shi da wuya," ya ce, "in dai akwai wanda ya rage maka."